Jitar Genzo Ta Koma Sabuwa

Shekara talatin da takwas Tokuji Kamijo ya yi yana fesa wa jita fenti a wata masana'anta da ke bayan garin Matsumoto a ƙasar Japan, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa zai gaya maka mutumin nan ba ya haɗa hanya da tabo. Ƙwayar ƙura ɗaya tak ta faɗa kan aiki, sai ya sa a kankare a sake tun daga fari, ko da kuwa mota tana ƙofa tana jiran kaya. Ya yi ritaya, amma halin yana nan daram. Ka gayyace shi gidanka, in akwai ɗan karce a kan teburinka, to kai da hira kun yi sallama, babban yatsansa zai yi ta shafa wurin har shayinsa ya huce.

To wannan mutum ne Allah ya ba 'ya ɗaya tilo, Fuyumi, kuma don a gwada haƙurinsa sai ta tashi da sana'ar tsufar da jita. Shagonta yana wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa. A kawo mata jitar lantarki sabuwa fil, ta sa ta a firiza, ta fito da ita ta hura mata zafi har fentin ya tsattsage, ta bubbuga mata tarin makullai, ta ci gefenta da sanfefa har katako ya leƙo, ta jiƙa ƙusoshinta a ruwan gishiri su yi tsatsa. Bayan mako uku mai ita ya zo ya karɓa baki har kunne, kai ka ce gadon kakansa aka ba shi. Har daga Osaka ake aiko mata. Tokuji ya ce wannan furfurar aro ce, kuma aikin banza. Ita kuma ta ce shi bai san masu saye ba, mutum ya sayi mai ƙyalli sai ya riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai, amma in ya ga an riga an yi mata tabon farko sai ya saki jiki ya yi kiɗa. Sun yi wannan gardama a kan abinci har ta gundure su, suka daina, shi kuma ya daina bi ta lungun. Shekara huɗu bai taka shagon ba, alhali tafiyar minti goma ce a keke.

Aminin Tokuji ɗaya ne a duniya, Genzo Furihata, tun suna aji ɗaya a firamare. Genzo makaɗin jita ne, ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin ba, irin masu zagaya masaukan wankan ruwan zafi da gidajen biki suna yi wa mutane kiɗa ana cin abinci. Jitarsa ja ce, kuma Tokuji ne da hannunsa ya fesa mata jan a shekararsa ta biyu a masana'anta. Kusan shekara hamsin ta yi a jikin Genzo. Inda hannunsa yake sauka jan ya cinye, sai katako da gumi ya mayar baƙi-baƙi. Bayanta kuma ƙarfen bel ɗinsa ya ƙwaƙule shi. Bayan wuyanta ba sauran fenti, sai wasu 'yan ramuka masu santsi, ga ƙunar taba a kai tun zamanin da yake sha. Duk sanda Tokuji ya gan ta sai ya ɗauko zancen gyara. Ya roƙi Genzo ya fi sau ashirin ya bar shi ya gyara ta, Genzo ya ce ya fara gyara sanƙon kansa tukuna.

Ciwon suga ya daɗe yana cin idon Genzo a hankali, bara da kaka ya ƙarasa. Daga nan duniyarsa ta koma ɗakin tsakiya da jitar nan. Da safe matarsa Sumiye ta kunna masa 'yar lasifikarsa, ya zauna kusa da taga inda rana take taɓa gwiwarsa, ya yi ta kaɗawa har a kira shi cin abincin rana.

Da sanyi ya kama aka kwantar da shi a asibiti za a yi masa aiki a ƙafa, aka ce zai yi wata guda. Sumiye ta ɗauko jitar ta kawo wa Tokuji, ta ce akwai wata waya a ciki da take sa lasifika ƙara, ya duba kafin maigidan ya dawo. Iyakar abin da ta ce ke nan. Minti goma ya ɗauka ya liƙe wayar, kuma da ya rufe akwatin a nan da babu wannan labari.

Amma sai ya zauna yana kallonta a kan bencinsa. Ya tuna amininsa kwance a asibiti ba ido, ƙafa a naɗe, shi kuwa ba shi da abin da zai yi masa. Magana mai daɗi bai iya ba, bai taɓa iyawa ba, in ya je dubiya zancen farashin kalanzir yake yi ya taso. Abu ɗaya ya iya a duniya. Sai ya jawo sanfefa.

Kai, aiki ya yi aiki! Ya kankare ta tas, ya cike kowane rami, ya haɗa jan da ka har ya dace da na ranar farko. Ya fesa, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake fesawa, kwana ashirin da shida yana abu ɗaya. Ranar da ya gama ya ga fuskarsa a jikinta har gashin gira. Duk rayuwarsa bai taɓa fitar da aiki irin wannan ba, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi, wannan kam ba mai ƙwace masa. Abin da bai faɗo masa a rai ba ko sau ɗaya shi ne wanda ya yi wa wannan ƙyalli ba ya gani.

Kwana biyu da sallamo Genzo, Tokuji ya sa rigarsa ta fita ya kai jitar. Da ya buɗe akwatin Sumiye ta dafe baki, shi kuma ya ɗauka murna ce. Ya ɗora ta a cinyar Genzo. Genzo ya shafa gabanta, ya shafa inda hannunsa ya saba sauka, ya juya ta ya bi bayan wuyan da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya kai ta hanci ya shinshina.

"Ina tawa?" in ji shi.

"Ita ce. Na ɗan gyara maka ita."

Sumiye ta tashi ta ƙara ruwa a butar shayi da ba ta buƙatar ƙari. Can Genzo ya miƙa jitar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai irin yadda ake yi wa baƙo.

"Kamijo-san, na gode ƙwarai. An sha wahala saboda ni."

Shekara sittin da bakwai Genzo yana kiransa Toku, in ransa ya yi daɗi ya ce kai sanƙo. Kamijo-san kuwa, kiran girmamawa na wanda ba a saba da shi ba, sai dai ma'aikacin gidan waya. Gara a ce zaginsa ya yi. Tokuji ya koma gida yana tura kekensa, bai ma tuna ana hawa ba.

Bayan kwana goma Sumiye ta zo, ta tsaya daga ƙofa ta ƙi cire takalmi. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, ta san alheri ya nufa, amma gara ya sani. Ramukan nan na bayan wuya, tunda ido ya tafi su ne idon Genzo. Da su yatsansa yake gane inda ya kai a kan tsirkiya. Bayan tafiyar Tokuji ya gwada sau ɗaya, hannunsa ya yi ta zamewa yana faɗawa inda bai nufa ba, sai ya ce ta mayar da ita akwati ta kai ɗakin ajiya. Tun ranar bai nemi a kunna lasifika ba. Yana zama a wurinsa na kullum kusa da taga, hannuwa a kan gwiwa, abinci ma sai ta yi da gaske. Ta ce ita tsoro take ji, likita ya gyara ƙafa amma mutumin ƙarewa yake yi a gabanta.

Sai a lokacin Tokuji ya gane gyaran gangar Auzinawa ya yi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya rasa inda zai sa kansa, don ba zai iya ɗora laifin a kan kowa ba. Ya san mutum ɗaya tak a garin da ta iya mayar da tsufa inda aka cire shi. Kwana biyu ya yi yana kewaya tsakar gida yana gunaguni, a na uku ya karɓo jitar daga hannun Sumiye, ya sayi tuffa shida, ya nufi lungun bayan tasha.

Fuyumi tana tsaye da ƙyalle a baki tana goge wata shuɗiyar jita, ta ɗago ta ga ubanta a ƙofa riƙe da leda. Ta sauke ƙyallen ta tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi, gidan waya yana can gaba. Ya shige ciki. Ya ɗora akwatin a kan bencinta ya buɗe. Ta daɗe tana kallo, ta karkata ta wajen haske, don ita ma 'yar gidan ce, ta san aiki in ta gan shi.

"Baba, wannan ba ta Kawu Gen ba ce?"

"Ita ce."

"Ya san ka yi?"

"Yanzu ya sani."

Ya ɗauka za ta rama na shekara huɗu, ya ma shirya haɗiyewa. Sai kawai ta jawo masa kujera, ta zuba masa shayi, ta turo masa ɗan kwanon ganyen nozawana mai tsami. Ya gaya mata komai yana kallon ƙasa. Daga nan ya zaro takarda daga aljihu. Ya zana jitar gaba da baya, kowane tabo da kowane rami a inda yake, har ƙunar tabar, don shi ya cike su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ga taswira, ta bi ta kawai.

Fuyumi ta duba ta ce zanen ya yi kyau, kuma da mai ido za a yi wa aikin da ya wadatar. Amma wannan abin da idonsa ya tuna ne. Ramin da ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa ɗaya zai ɓatar da Genzo fiye da rashin ramin. Ta ce ita ko masu ido ba ta yi musu da ka. Duk wanda zai iya zuwa, sai ta shafa masa alli a hannun riga da tafin hannu da babban yatsa, ta ba shi jitar ya kaɗa waƙa uku. Inda allin ya zauna, nan jikinsa yake taɓawa, nan kuma take ci da sanfefa. Shi ya sa ba ta taɓa yin guda biyu iri ɗaya ba.

Tokuji ya mayar da takardarsa aljihu. Shi duk zatonsa makullai kawai take watsawa ido a rufe. Ya ce to ai Genzo ba zai taɓa ta ba, balle ya zo shago. Ta ce shagon ne zai je wurinsa, kuma ya bar mata Kawu Gen, mutumin da ya koya mata ɗora yatsa a kan tsirkiya tana 'yar shekara bakwai ba zai kore ta ba.

Ranar Lahadi da hantsi suka je. An yi dusar ƙanƙara, hasken ya cika ɗakin fal. Genzo yana wurinsa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Fuyumi ta shiga da surutunta, ta ce Kawu Gen ya zama ɗan gayu, ya rage tumbi bai gaya wa kowa sirrin ba. Ya yi ɗan murmushi, ya tambaye ta wa ke tsaye a bayanta yana numfashi kamar tsohon injin feshi. Tokuji ya durƙusa a kan tabarma, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ni ne. Na ɓata maka jitarka, Gen. Ba ka ce in yi ba, na yi. Idona na bi, na manta da naka."

Genzo ya juya fuska wajen taga. Fuyumi ba ta ɓata lokaci ba. Ta bayyana masa abin da take so ta yi, ta kama hannunsa tana shafa alli tun kafin ya ce e ko a'a. Ya ce shi ba ya son tsufan shago, kuma ba zai iya kaɗa wannan abu mai santsi ba, kunya kawai zai sha. Ta ce ba daɗin kiɗan take nema ba, sawun hannu take nema, ya yi ta kuskure son ransa, in ya so ma ta toshe kunne. Sumiye kuwa tuni ta jawo lasifikar ta jona.

Waƙar farko ba ta yi kama da komai ba. Yatsansa ya zame, ya tsaya, ya ja tsaki, ya zagi jitar, ya zagi sanyi, ya sake farawa. A ta biyu ya rage gudu yana lalube. Ya yi kuskure a wuri ɗaya sau huɗu, a na biyar ya wuce. Tokuji ba kiɗan yake saurare ba, jan fentin yake kallo. Farin alli ya fara fitowa a kafaɗar jitar inda hannu yake sauka, ya faɗaɗa, ya ɗauki siffar nan da ya sani, mai ɗan lanƙwasa wajen ƙasa. Ya yi kwanaki yana kankare ta, ga shi cikin rabin awa ta dawo wurinta. Sai ga hawaye, a gaban 'yarsa da matar mutane, ya kasa tsayar da su. Ya gode wa Allah amininsa ba ya gani.

Waƙa uku aka ce, Genzo ya yi bakwai. A ta biyar ƙafarsa mai lafiya ta fara buga tabarma. A ta shida Sumiye ta tashi ta shiga kicin, suka ji ta ɗora tukunyar taliyar soba tana sharɓe hanci. Da ya tsaya gumi ya jiƙa masa goshi, alli har a haɓarsa. Fuyumi ta ce madalla, ya isa, ta miƙa hannu za ta karɓi jitar a hankali kada sawun ya goge. Genzo bai saki ba.

"Fentin nan naka," in ji shi, fuskarsa wajen Tokuji, "shekara nawa zai yi kafin hannu ya cinye shi?"

Hali zanen dutse. Cikin hawayen nan Tokuji ya miƙe zaune ya ce hawa goma sha biyu ya yi mata, ko kullum ake kaɗawa sai ta yi shekara arba'in katako bai leƙo ba.

Genzo ya yi dariya har da tari, dariyar farko tun dawowarsa daga asibiti. Ya ce arba'in, shi mai saba'in da huɗu da ciwon suga da ƙafa ɗaya da rabi. Sannan ya gaya wa Fuyumi ta buɗe masa bayan wuyan kawai, daidai inda allin ya nuna, don ya ga hanya. Jikin kuwa kada ta taɓa. Ba raina aikinta ya yi ba, amma wancan tsufan shi ya yi abinsa, wannan ma shi zai yi.

"Kai kuma da ka lafta mata, kai za ka rage. Ka bar mini na shekara uku. Ina so in kai ga katakon nan da hannuna."

"Goma zan bari," in ji Tokuji.

"Uku."

"Bakwai, Gen."

"Ka sake yin abin da ba a sa ka ba ke nan? Na ji abin da likita ya gaya wa Sumiye a bakin ƙofa kan sauran kwanakina, kunnena bai makance ba. Uku."

Daga kicin ba a ji motsin komai ba. Tokuji ya ce to.

Washegari ya je shagon Fuyumi da sanfefarsa a aljihu, don ya ce nata ba su da kyau. Ta share masa gefen benci tsakanin wata shuɗiya mai tsatsa da wata baƙa da ta tsattsage, ta yi nata aikin a bayan wuya cikin kwana biyu, ta bar masa sauran. Ya jiƙa sanfefa mafi laushi ya fara. Ba mai iya auna kaurin fenti da yatsa kamarsa a duk garin, yana shafawa ya san saura nawa. Ya ci na shekara talatin ya wuce, ya ci ashirin ya wuce, jan ruwa yana gangarowa cikin kwano. Da ya kai na shekara goma sai hannunsa ya tsaya da kansa. Ba wanda zai sani in ya bar shi a nan, Fuyumi ba za ta gane ba, Genzo ma sai ya daɗe kafin ya gane. Ya zauna yana kallon wurin har ruwan da ke kai ya bushe, kuma a ransa ya roƙa wa Genzo shekara goman nan da gaske.

Daga nan ya sake tsoma sanfefar a ruwa, ya ci gaba a hankali har ya kai uku.